Tabar da ba ta wari

Iyayen yara na Kankiya da Kusada, da ku nake. A zamaninmu, in yaro ya fara busa sigari, hanci ke tona masa asiri. Ko ya tauna goro ya sha minti, da ya shigo zaure uban zai ji warin a rigarsa. Yanzu an kawo wadda ba ta wari: sigarin lantarki, 'yar aba kamar biro, wata ma da cajar waya ake cajinta. Ba a kunna mata ashana, ba ta barin toka. Batir ke dafa wani ruwa a cikinta, yaro ya zuƙi tururin ya fesar, ɗaki ya ɗauki ƙamshin mangwaro ko na'a-na'a.

Na ga wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba a tashar mota, ya tura ta cikin hannun riga yana zuƙa, yana fesarwa ta wuyan rigar. Da na yi masa magana sai ya ce, "Baba, ai ba taba ba ce, ruwa ne kawai." Da gaskiyarsa yake faɗa, haka aka gaya masa.

To, yawancin ruwan nan da nikotin a ciki, sinadarin da ke ɗaure mashayin sigari har ya kasa bari. Likitoci sun ce ƙwaƙwalwa ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25, don haka ta ɗan sakandare ta fi saurin kamuwa. A 2019 dubban mutane sun kwanta asibiti a Amurka da ciwon huhu, wasu suka mutu, yawancinsu bayan zuƙar ruwan da aka gauraya da sinadarin wiwi. Wa ya san abin da aka ɗura a wadda ta biyo motar Kano?

Kodin ma da sunan maganin tari ya shigo gidajenmu, muna kallo, kafin gwamnatin tarayya ta hana shi a 2018.

Saboda haka ku riƙa duba jakar makaranta da abin da ke jone a caji. In kun samu, kada ku fara da bulala. Wanda nikotin ya kama, duka ɓuya kawai zai koya masa. Ku zaunar da shi, ku ji wa ya ba shi, a ina ya samu kuɗin. In tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a kai shi babban asibitin Kankiya. Mai shagon da ke sayar wa yara kuwa, a je da mai unguwa a same shi.