Taron Dangin Sadaukai: Abin Da Na Gani A Yola Da Jimeta

A bakin babbar kasuwar Jimeta na tarar da wani dattijo ya baza tsofaffin littattafai a kan buhu, daga na lissafi sai na koyon Turanci, rana duk ta ƙone bangonsu. Can a gefe yara uku sun haɗa kai a kan wani yagaggen littafi, irin wanda ake ba da labari da zane, suna gardama kamar za su doki juna. Na ce, "Baba, me ya haɗa su?" Ya ce, "Ɗana, kullum haka suke. Wai sai sun san wanda ya fi ƙarfi cikin mutanen nan masu tashi sama."

Na karɓi littafin na duba. Ashe irin waɗanda ake bugawa a Amurka ne, inda ake tara sadaukai da yawa cikin labari guda, su yi wa mugu taron dangi. Ga mai karatun da bai saba da su ba, ga yadda abin yake. Kowane sadauki yana da littafinsa da garinsa da abokan gabarsa. To, a 1960 sai kamfanin DC ya tara nasa a ƙungiya guda mai suna Justice League, suka yaƙi wani dodo da ya sauko daga sararin samaniya. A 1963 Stan Lee da Jack Kirby na kamfanin Marvel suka fito da Avengers, inda Thor da Iron Man da Hulk da wasu biyu suka haɗu a kan makirin nan Loki. A 1976 kuwa kamfanonin biyu, waɗanda kishiyoyin juna ne a kasuwa, suka yarda Superman da Spider-Man su fito a littafi ɗaya. Galibi hanyar labarin ɗaya ce: mugu ya haɗa sadaukan faɗa da makirci, su gwabza, sa'an nan su gane an yi wasa da hankalinsu, su juya kansa gaba ɗaya.

Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Wa ya manta tatsuniyoyin samarin nan da ke fita tare, wannan gwanin ji, wannan gwanin gani, wancan gwanin harbi, a ƙarshe mai ba da labari ya tambaya wa ya fi? Amma da na miƙa wa yaran littafinsu sai na tuna cewa ƙasar da suke zaune a kanta ta ga irin wannan taro ido da ido, ba a takarda ba, lokacin su ko tafiya ba su fara ba.

Kafin in kai ga wannan, ya kamata baƙo ya san garuruwa biyu ne ake kira da suna ɗaya. Yola ta Lamiɗo ita ce tsohuwa, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Gari ne mai natsuwa, na malamai da fada, inda Fillanci ya fi yawa a bakin mutane. Jimeta kuwa bakin kogin Binuwai ta girma, tun zamanin da jiragen ruwan 'yan kasuwar Turawa ke hawowa da damina. Nan ofisoshin Gwamnati suke, nan kasuwa da tasha da hayaniya, nan kuma za ka ji Hausa ta haɗa Bafillace da Bachama da Margi da Kilba da Higi da Ibo a ciniki guda. Tafiyar 'yan mintoci ce a keke mai ƙafa uku tsakaninsu, amma halinsu ya bambanta kamar na wa da ƙane.

Na tsaya a kan gadar Jimeta da la'asar, ina kallon masunta a ƙasa da motocin da ke nufar arewa, hanyar Girei da Song da Gombi har Mubi. Ta wannan gada tashin hankali ya shigo gari a 2014. A watan Agusta Madagali ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, a Satumba Michika ta bi, ran 29 ga Oktoba kuma suka kama Mubi, gari na biyu a girma a Jihar Adamawa, har suka sake mata suna. Tsakanin Mubi da Yola kimanin mil 120 ne kawai. Mutane suka yi ta kwararowa, wasu a bayan manyan motoci, wasu a ƙafa ta cikin duwatsu, har yawan jama'ar garin ya kusa ninkawa.

A nan ne aka yi taron dangi na farko. Maharba, waɗanda da ba a san su da komai ba sai gada da zabin daji, suka fito da bindigogin toka da kwari da baka, jikinsu duk layu da guraye, suka haɗu da 'yan banga da soja. Soja na da makamai, maharbi ya san kowace kwazazzaba da kowane sawu. Kafin tsakiyar Nuwamba an ƙwato Mubi. Cikin waɗanda suka yi suna daga baya har da mace, A'isha Bakari Gombi, wadda ta ajiye keken ɗinki ta ɗauki bindiga, ta riƙa jagorantar maza cikin daji suna kuɓutar da matan da aka sace. Da a Amurka aka haife ta, da tuni an zana ta a bangon littafi.

Amma taro na biyu shi ya fi tsaya mini a rai, domin ba a yi shi da makami ba. Tun 2012 shugabannin Musulmi da na Kirista da 'yan kasuwa da Jami'ar Amurka da ke Yola, a ƙarƙashin shugabarta ta lokacin Margee Ensign, suka kafa ƙungiyar neman zaman lafiya ta Adamawa. Da gudun hijira ya yi tsanani sai ƙungiyar ta koma ciyarwa. Limamai irin su Imam Dauda Bello suka tsaya kafaɗa da kafaɗa da Bishop Stephen Dami Mamza, aka riƙa rabon masara da shinkafa da wake a harabar majami'ar Saint Theresa a Jimeta da sauran wurare, ba a tambayar kowa addininsa. Mutum sama da 250,000 suka ci daga wannan hannu. Ga shi kuma sansanonin Damare da Malkohi ba su ɗauki ko kashi ɗaya cikin huɗu na baƙin ba. Mafi yawan sauran a gidajen talakawa suka sauka, inda mai ɗaki biyu ya ba da ɗaya, matar gida kuma ta ƙara ruwa a miya ba tare da kowa ya rubuta sunanta ba.

Mugun ya gwada makircin Loki. A 2015 bam ya tashi a kasuwar Jimeta a watan Yuni, ya tashi a masallacin Juma'a na Jambutu a Oktoba, ya sāke tashi a Nuwamba. Nufinsa maƙwabci ya zargi maƙwabci. Mutanen garin suka binne 'yan'uwansu, suka ƙi juya wa juna baya. A 2021 Bishop Mamza ya buɗe gidaje 86 a Sangere-Margi domin waɗanda ba su iya komawa gida ba, ya gina musu makaranta da majami'a, ya kuma gina wa Musulmin cikinsu masallaci.

Nan ne littafin zane da rayuwa suka rabu. A littafi, da zarar mugu ya faɗi sai a rufe shafi, kowane sadauki ya tashi sama ya koma garinsu, ba a nuna wanda zai share ɓaraguzai. A Adamawa kuwa akwai maharban da suka tafi ba su dawo ba, akwai matansu da marayunsu, akwai gonakin da aka daɗe ba a nome ba. Wanda ya yi wa jama'a wannan hidima bai kamata a tuna da shi ran tsoro kaɗai ba.

Da zan bar gari na sāke bi ta wurin dattijon nan. Yaran na nan, gardamar ba ta ƙare ba. Babbansu ya ce, "Yaya, kai faɗa mana, wa ya fi?" Na ce ya je gida ya tambayi kakarsa mutum nawa suka kwana a zaurensu shekarar da aka kama Mubi, in ya so gobe ya zo ya ba 'yan'uwansa amsa. Dattijo ya yi murmushi, ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.