Firjin Amurka Ko Na Alaba?

A nan Agege, duk wanda ɗansa ke Amurka burinsa a ce kwantena ta iso. Mu 'yan kasuwa kuwa mun sha ganin ƙarshen abin. Wutarsu can bolt 120 ce, tamu 230. Ka jona firji babu taransifoma, sai ƙauri. Ga kuɗin kwastan a Apapa, ga na ajiya kullum yana hawa. In ya lalace, wa za ka mayar wa?

Alhaji, gumin yaron nan amana ne, kar mu yi almubazzaranci da shi. Ya turo kuɗi, mu je Alaba mu saya da garanti. Abin da babu a nan, shi za a ɗoro wa jirgi.

Allah Ya yi musu albarka.