Ranar da aka ce sai na biya dala 35 kafin in karanta bincike kan ciwon 'yata



Da yawanku kun san 'yata ta biyu tana fama da sikila. Kwanakin baya likitanta ya ce yana so a ɗora ta a kan wani magani mai suna hydroxyurea. Na ce masa to, amma hankalina bai kwanta ba. Da daddare na ɗauki waya na shiga intanet, har na ci karo da rahoton wani bincike da aka yi kan yara masu sikila a Afirka. Taƙaitaccen bayani kawai aka nuna mini, sauran kuwa sai na biya dala 35. Ku auna wannan da canjin naira.

Abin ya ci mini rai. Jinin yara irin 'yata aka ɗiba, iyaye irina suka sa hannu, amma sakamakon ya fi ƙarfin aljihunmu.

Ƙanena da ke jami'a ne ya wayar mini da kai. Ya ce a 2002 wasu masana suka fitar da sanarwa daga birnin Budapest, suna kira da a riƙa sakin binciken kimiyya kyauta ga kowa a intanet. Ya buɗe mini PubMed Central, rumbun binciken lafiya na Amurka da aka fara a 2000. Ya nuna mini AJOL, mai tattara mujallun Afirka tun 1998, har da na jami'o'inmu, da yawansu kyauta. Sai DOAJ, mai jera mujallun kyauta da aka tantance.

Amma ya ja mini kunne. A wannan tsari sau da yawa mai binciken ne ke biyan kuɗin bugawa, wani lokaci dubban daloli, abin da ke gagarar malamanmu. Akwai kuma mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga kome ba tare da masana sun duba ba. Shi ya sa yake fara neman sunan mujalla a DOAJ.

A PubMed Central na samu abin da nake nema. Ban gane duka ba, amma na fahimci maganin na rage yawan tashin ciwon, kuma dole a riƙa gwajin jini a kai a kai. Na rubuta tambayoyina a takarda na koma wurin likita, ya amsa su ɗaya bayan ɗaya, sannan muka fara maganin.

Karatun nan bai mayar da ni likita ba, kada wani ya sayi magani don ya karanta a waya. Roƙona ga 'ya'yanmu masu bincike a jami'o'i shi ne, idan da hali, ku buga aikinku inda iyayenku za su iya buɗewa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.