Babban kanti da shagon bakin layi

Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Yaya a Kazaure, ga kwanon dafaffiyar gyaɗa a tsakiya. Aminiyata da ke aure a Babura ce ta ɗauko zancen, ta rage murya.

"Wannan tsakaninmu ce. Ranar da na fara shiga wani babban kanti a Kano, burodi kaɗai na fito da shi. Ina tura keken zuba kaya, sanyi na ratsa ni, kowane kaya da kuɗinsa a manne. Na ɗauki gwangwanin madara, na duba, na mayar a hankali. Babu wanda zan ce wa ya rage mini."

Yaya ta ce, "Ba ke kaɗai ba ce, ƙanwata. Lokacin da aka buɗe Shoprite a Ado Bayero Mall da ke titin Zoo a 2014, da yawa kallo ya kai su. Kamfanin Afirka ta Kudu ne, ya sayar da harkarsa ta Najeriya a 2021, reshen Kano kuma aka rufe shi a Janairun 2024. Su Sahad da Jifatu, na 'yan gida, su ne dai suke nan."

Ni dai na faɗa musu gaskiyata, akwai abin da nake so a irin wuraren nan. Ba a taya, ba a yi maka kallon baƙo a ƙara kuɗi, ba mudu mai lotsattsen gindi, kuma kana iya duba ranar lalacewar kaya da idonka. Amma an gina su ne don mai albashi da mota, wanda zai loda kayan wata guda a but. Mu nan cefanen yini muke yi: gwangwani biyu na shinkafa, ƙullin sukari, Maggi na ɗari. Wa zai biya kuɗin mota ya bi ta Dambatta har Kano saboda wannan?

Ƙawarmu 'yar Roni, wadda tun ɗazu ɓare gyaɗa kawai take yi, ta ɗago kai.

"Bara da damina, da maigida ya kwanta ciwo, mai shagon bakin layinmu ne ya riƙe mu. Katan-katan yake saro kaya a kasuwar Singa, ya farke ya sayar mana ɗaya-ɗaya. Yana da wani littafi da mai ya ɓata bangonsa, a ciki yake rubuta bashi. Wata uku bai taɓa aiko yaro ba, sai da muka sayar da riɗi da kaka na kai masa."

Muka yi shiru. Can Yaya ta gyara zaninta, ta ƙwala wa autanta kira.

"Maza je shago ka karɓo taliya biyu da mai kwalba ɗaya. Ka ce ya rubuta, baƙina a nan za su ci abincin dare."