Abin da Inna Malama ta bar mana

Mu ne matan wata ƙungiyar asusu a Tama, cikin jihar Tawa. Muna son mu ba ku labarin matar da ta koya mana wannan aiki, don ko bayan rasuwarta, da maganarta muke warware matsala.

Kun san tsarin Mata Masu Dubara ya faro ne a yankin Maraɗi a 1991, lokacin da ƙungiyar CARE da wata baturiya ƴar ƙasar Norwe, Moira Eknes, suka gyara adashen da muka gada. Mu dai ba mu taɓa ganin baturiyar ba. Wadda muka sani ita ce matar da aka turo ta horar da mu, muna ce mata Inna Malama. Ita ta nuna mana akwati mai kwaɗo 3, kowane makulli a hannun mace daban, akwatin kuma a ɗakin wata ta huɗu. Da yake yawancinmu ba mu yi lakwal ba, sai ta ce kowace ta riƙe bashin wadda ke zaune kusa da ita a ka. Zubin mako dala 20 ne, ba mai kuɗi, ba talaka.

Amma babban darasin a 2005 muka koye shi. Wanda ya rayu a Adar bai manta ba: fara ta cinye gonaki a 2004, ruwa ya ɗauke, hatsi ya yi tsada, maza suka watse cin rani. Wata daga cikinmu ta ci bashin jikka 10 don sarin albasa. Ɗanta ya kwanta ciwo, ta kwashe kuɗin ta kai shi asibitin Galmi. Yaron bai tashi ba. Mako 3 ba ta zo taro ba, mu kuwa muka hau faɗa, wasu na cewa a kama akuyarta, wasu na cewa a fitar da ita. Wallahi ba mugunta ba ce, yunwa ce, kowa na tsoron kuɗinta.

Inna Malama ta bari muka gama. Sai ta ce: "To, cikinku wa ta je mata gaisuwar mutuwa?" Shiru. Kunya ta rufe mu. Ta ce: "Ku tashi. Yau taro a ɗakinta za a yi, kuma ba wadda za ta ambaci kuɗi."

Bayan sadakar arba'in muka sake zama. Inna ba ta ce a yafe ba, don ta ce dukiyar mata 30 amana ce, kuma yafewa za ta sa baiwar Allah ta kasa ɗaga kai cikinmu. Aka janye tara da ribar da ke bisa, aka bar mata uwar kuɗi ta biya kaɗan-kaɗan. Daga ranar muka ware asusun taimako, dala 5 kowane mako, don ciwo, haihuwa da rasuwa. Matar ta biya tsaf da kuɗin ƙuli-ƙuli. Yau ita ce mai riƙe mana makulli ɗaya.

Me ya sa muka tuno da wannan? Yanzu haka akwai wata yarinya cikinmu, mijinta ya tafi Libiya, wata 8 ba aike, ba waya. Ta tsallake biya sau biyu. Ƙananan matan da ba su san Inna ba sun fara cewa doka doka ce. Gaskiyarsu, idan ba doka akwati zai mutu. Sai dai mun gaya musu tsarin da aka bar mana: a fara zuwa gida a ji abin da ya faru, sannan a buɗe zancen bashi. Mata 2 sun je jiya da kwanon hura. Ranar taro mai zuwa za mu yanke shawara, ita ma tana zaune, da bakinta za ta faɗi abin da za ta iya biya.

Ƴan uwa na Bouza, Madawa da Keita, in irin wannan ta same ku, ku tambayi kanku ko kun taka ƙofar ɗakinta tukuna. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Allah ya jiƙan Inna Malama, ya sa aljanna ce makomarta. Amin.