Gida Biyu Maganin Gobara

A watan Maris na shekarar 2020, sa'ad da cutar korona ta game duniya, aka rufe jami'o'in Nijeriya, malamansu kuma suka shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai a watan Disamba. Cikin ɗaliban da suka koma gida har da wani saurayi ɗan birnin Kano, wanda mahaifinsa tela ne.

Shi dai wannan saurayi tun ran da ya shiga jami'a ya yi sallama da keken ɗinki. A ganinsa, da ganin yawancin tsararsa, sana'ar hannu ta wanda boko ya ƙi ce, mai digiri kuwa sai ofis da albashi.

To, a watan Afrilu aka hana fita a Kano, ga azumi ya kama. Kantin Kwari a rufe, babu mai kawo ɗinkin salla. Hatsin gidan ya kusa ƙarewa, tsohon kuwa yana fama da ciwon suga, shiga jama'a haɗari ne gare shi. Ran nan bayan buɗa-baki ya kira ɗan nasa, ya ce, "Kai ne babba. Ga keke can."

Saurayin ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, Baba."

Ya tattara ƙyallayen atamfa da a da ake zubarwa, ya shiga ɗinka takunkumin rufe baki da hanci. Ya riƙa sa hotunansu a WhatsApp, yana kai wa masu so a ranakun da akan sassauta dokar. Ribar ba ta da yawa, amma ba a daina ɗora tukunya ba. A nan ne ya tarar abokansa ma kowa ya kama abin yi: wani yana sayar da katin waya, wata tana haɗa sabulun ruwa.

Da cutar ta lafa, kasuwar takunkumi ta mutu, waɗansu kuma suka koma raina sana'a kamar da. Shi kam bai koma ba, domin ya ga ranar da ofis da makaranta suka rufe, allura ta ci da gida. Da aka buɗe jami'a a 2021 ya ci gaba da karatunsa, ranar Asabar da Lahadi kuwa yana kan keke kusa da mahaifinsa.