Yadda neman abin saurare a mota ya kusa cinye min digiri

Tun da na ɗora hoton ɗan allon da na maƙala a bayan kujerar motata, mutane ke ta tambayata wace na'ura ce, me ke cikinta, nawa na kashe. Maimakon in riƙa amsa ɗaya bayan ɗaya, bari in ba ku labarin gaba ɗaya. Yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Wanda ke shirin yin irin wannan haɗin ya karanta har ƙarshe, don kada ya faɗa ramin da na faɗa.

Waɗanda suka san ni a Ibadan sun san tsohuwar Corolla ɗin nan ƙirar 2005. Ba tawa ba ce can-can, yayana ne ya bar min ita lokacin da na samu gurbin digiri na biyu. Duk hutu nakan ɗebi ɗalibai huɗu mu haɗa kuɗin mai mu nufi Kano. Ɗan abin da ya yi saura shi ke rufa min asiri a farkon zango. Hanyar kun san ta: Oyo, Ogbomosho, Ilori, a haye gadar Jebba, Mokwa, Bida, Minna, Suleja, Kaduna, Zariya, sai gida. Kusan kilomita 1,000, kuma ni kaɗai ne direba.

Matsalar ita ce rediyon motar ya mutu tun kafin ta zo hannuna. Daga Ibadan zuwa Ilori hira ake yi, ana gardamar ƙwallo da ta siyasa. Ana wuce Jebba sai ka ji tsit, kowa ya langaɓe. Ka ce za ka kunna wani abu a waya, sabis ya ɗauke. A wata tafiya, tsakanin Mokwa da Bida, wallahi ban san lokacin da idona ya rufe ba. Ƙarar hon ɗin tirela ce ta dawo da ni, na tarar rabin motar na hannun da ba nawa ba. Babu wanda ya farka a cikinsu. Na gangara gefe na zauna, hannuna na rawa, ina tunanin me zan ce wa iyayen yara huɗu. A nan na ƙudurta cewa motar nan ba za ta sake hawa wannan hanyar shiru ba.

Da hankali ya yi aiki, da rediyo mai cin filashi kawai na saya na huta. Amma kun san halin ɗan jami'a, sai an yi abin burgewa. Na ce ai cikakkiyar cibiyar kallo da sauraro zan haɗa: karatu, waƙoƙi, fina-finai, taswira, duk a wuri ɗaya.

Gwajin farko shi ne laftof ɗina mai Windows, tunda shi ba sai na saya ba. Na samo inbata na soka a gurbin kunna sigari, na jona caja, na haɗa ƙaramar sifika. Ku duba wautar da ke ciki. Batirin mota na ba da bolt 12, inbata ya ɗaga shi zuwa 220 irin na gida, caja kuma ta sake sauke shi zuwa 19 da laftof ke so. Kowane juyi asarar wuta ne da ƙarin zafi. Ga shi Windows don tebur aka yi ta: sai ka jira ta tashi, ka sa lambar sirri, ka nemi ɗan kibiyar nan da yatsa. Wanda ke kujerar gaba ne ke rungume da shi a cinya kamar jinjiri.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ban yi tunani ba shi ne ma'ajiyar laftof ɗin tsohon samfuri ce, mai faifai a ciki. Faifan na juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, allurar da ke karanta shi kuma tana shawagi a kansa da tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. Irin wannan abin na ɗauka ina fim da shi a kan ramukan hanya. Muka faɗa wani rami bayan Mokwa, hoton ya tsaya cak. Da muka isa Kano na kunna, sai wani ɗan sauti ƙyas, ƙyas, ƙyas, shi ke nan.

A cikin wannan laftof ɗin babi na huɗu na kundina yake. Takardun tambayoyi 180 da na cike da 'yan kasuwar albasa da tumatir a Bodija, wata biyu ina shigar da su kwamfuta. Mai gyara ya duba ya girgiza kai. Abin da ya cece ni biyu ne: wani tsohon kwafi da na tura wa malamin da ke duba aikina ta imel mako uku kafin tafiyar, da kuma takardun asali da na bari a kwali ƙarƙashin gado. Hutun nan ban ci shi ba. Na koma Ibadan da wuri na zauna sake shigar da lambobi ɗaya bayan ɗaya. Da na je ba malamin haƙurin jinkiri, kunya ta hana ni faɗin cewa fim muke kallo. Garin neman ƙiba na samo rama. Don Allah, na'urar da karatunka ke ciki kada ta zama abin wasan mota, kuma ka ajiye kwafin aikinka a wuri biyu yau ɗin nan, kafin ka gama karanta wannan rubutun ma.

Bayan ƙura ta lafa na zauna da ɗan ɗakinmu, wani Bazazzagi mai karanta injiniyan lantarki. Ya ce, "Mutumina, kai tambayar da kake yi ita ce wace kwamfuta ta fi ƙarfi. Mota ba ruwanta da ƙarfi. Ka tambayi wacce za ta jure girgiza, da zafi, da ƙura, da ɗaukewar wuta ba sallama, kuma ta yi aiki inda babu sabis." Da wannan ma'aunin muka auna sauran zaɓin.

Akwai rediyon nan mai allo da ke zuwa da Android, wanda ake sa wa a gurbin tsohon rediyo. Gaskiya yana da daɗi: wayoyinsa a shirye suke, yana tashi da sauri, yana da taswira, ana iya haɗa masa kyamarar baya. Abu biyu ne suka hana ni. Na farko, masu arahar da ba su da sunan kamfani a jiki sukan yi ƙaryar ƙarfinsu. Na wani abokinmu an rubuta giga 4 a kwali, amma da ya buɗe taswira da waƙa tare sai ya sandare. Araha ba ta ado. Na biyu, allon a gaban direba yake zama, ni kuwa na riga na san abin da daƙiƙa biyu na rashin kallon hanya ke iya jawowa. Duk da haka, wanda ke da kuɗi kuma ba shi da lokacin wahala, shi ne zaɓi mafi sauƙi. Ka dai sa a jona maka shi a shago, ka buɗe manhajoji uku huɗu a lokaci guda ka ga yadda yake numfashi kafin ka biya.

Ni dai Raspberry Pi 4 na ɗauka. 'Yar kwamfuta ce da ba ta fi katin cirar kuɗi faɗi ba sosai, ta fito a 2019. Babu wani faifai mai juyawa a cikinta, daga katin memori take tashi, kuma bolt 5 kawai take ci kamar waya. Tana da ramin jona sifika irin na iyafis, wanda aka cire a Pi 5, shi ya sa ban damu da sabuwar ba.

Sai batun uwar manhaja, wato wacce ke tafiyar da na'urar baki ɗaya. Da farko na sa Raspberry Pi OS, cikakken Linux mai tebur da komai. Yana aiki, amma a mota sai ka nemi linzami da allon rubutu, ga abubuwa rututu da ba na bukata. Daga baya na koma LibreELEC. Shi ɗan ƙaramin Linux ne da ba shi da wani aiki a duniya sai buɗe Kodi, manhajar kallo da sauraro ta kyauta. Kana ba shi wuta, kafin ka gama gyara madubi ya kai ka jerin waƙoƙi da fina-finai. Kuma ainihin fayilolinsa a kulle suke, karantawa kawai ake yi ba a rubutu a kansu, don haka ɗaukewar wuta ba ta cika yi masa illa kamar sauran ba. Na ce ba ta cika ba, ban ce ba ta yi ba, domin ɓangaren da yake ajiye saituna ana rubutu a kansa. Yana kuma iya buɗe wayifai nasa na kansa, sai fasinja ya sarrafa shi daga waya da manhajar Kore, ba tare da data ko sabis ba.

Kada ku ɗauka a nan wahalar ta ƙare. Na sayi ɗan abin da ke sauke bolt 12 zuwa 5, na zauna na yi haɗin da kaina, ina jin ni ma injiniya ne. Na ajiye motar ranar Alhamis, ban sake bi ta kanta ba sai Lahadi da asuba, ranar tafiya. Mutum huɗu da jakunkuna suna tsaye, na murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Sai da muka tura ta, sannan na lallaɓa Sabo wajen wani dattijo mai rewaya. Ya leƙa bayan dashbod ya ce, "Wa ya yi maka wannan aikin?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya yi dariya ya ce, "Ɗan boko ke nan. Ruwan ɗorawar nan da ka jona ba ta barci, kai tsaye daga batir take. Ja ita ce mai bin makulli. Baƙa kuma jikin mota." Ashe kwana uku na'urar da allonta suna kunne suna zuƙar kusan rabin amfiya. Ku lissafa da awa 72, ya kama 36, a jikin tsohon batir da ko yana sabo 60 aka rubuta masa.

Baba ya mayar da ita kan jar waya, ya sa fiyus, ya ƙara min ɗan makunni a gefen sitiyari. Ya ce in fara tayar da mota tukun kafin in kunna, domin lokacin da ake murza makulli wutar takan faɗi, a motoci da yawa ma jar wayar ɗaukewa take yi gaba ɗaya na ɗan lokaci. In zan kashe kuma, sai na fara kashe na'urar daga cikin Kodi sannan in zare makulli. Ina kuma ajiye da katin memori na biyu mai irin saitin nan a aljihun mota, ko da ta kwana.

Sauran ƙananan abubuwan da na koya a hanya: abin sauke wutar ya zama mai iya ba da amfiya 3, in ba haka ba na'urar za ta riƙa kashe kanta. Kada a ɗora ta a kan dashbod, domin da zafinta ya kai digiri 80 sai ta rage gudu da kanta, fim ya fara tsinkewa. Tawa na ƙarƙashin kujera cikin gidan alminiyum, ina kaɗe mata ƙura lokacin hunturu. In ka ji wani kuka kamar na sauro a sifika yana ƙaruwa duk lokacin da ka taka totur, ba aljanu ba ne, daga altaneta yake, akwai ɗan matacin da ake sa wa a kan wayar sautin ya kashe shi. Sannan Pi 4 ba ta da batirin agogo, in babu intanet lokacinta a rikice yake. Wani ya taɓa duba allon ya ce mu tsaya la'asar alhali ko azahar ba ta yi ba.

A ƙarshe ga yadda motar take yanzu. Na sayi rediyo mai araha mara allo, sautin Pi ɗin na shiga ta cikinsa. Allo mai inci 7 yana bayan kujera, na 'yan baya ne kaɗai. Taswira na wata tsohuwar waya da na sauke mata hanyar tun daga gida, murya kawai nake bi. Ni direba kunne ne rabona, ba ido ba. Mun ma yi doka saboda rigimar me za a kunna: daga fita zuwa hantsi karatu, da rana Shata da abokansa, daga Mokwa zuwa Bida kuwa babu fim, kuma na kujerar gaba ba shi da izinin barci.

Wani abu da ya kamata in faɗa don kada in yaudare ku: duk wannan haɗin bai maganin barci. Ya rage min kaɗaicin hanya, amma in gyangyaɗi ya zo da gaske, babu waƙar da ke korar sa. Yanzu in na ji idona ya yi nauyi, gidan mai nake shiga in kwanta minti 20, duk mai sauri ya yi haƙuri. Na kuma daina barin Ibadan ba tare da na yi barcin kirki a daren ba.

Kundin dai na miƙa shi, ina jiran ranar kare shi, ku sa ni a addu'a. Wanda ya gwada wani haɗin da ya fi nawa sauƙi ya faɗa mana mu ƙaru. Masu tambayar tafiyar hutun nan kuma, saura kujera biyu, amma ta gaba sai wanda ya iya hira. Allah Ya kai mu gida lafiya, Ya tsare mu da sharrin hanya.